Daddawar Gwaggo Habi Har Singafo

Jikokina na unguwar Shisha gani suke su suka fara hawa jirgi. To, ku karanta.

Gwaggo Habi, ƙanwar Baba, wani Bajawe, mutumin tsibirin Jawa, ta aura a nan Makka, ya tafi da ita Singafo. Ina budurwa wasiƙa ta zo cewa tana kwance, ta ƙi abinci, miyar kuka kawai take kira. Inna ta danna garin kuka da daddawa a gwangwanin madara, ta damƙa mini.

Makka zuwa Jidda

Ƙarfe huɗu na asuba muka bar unguwarmu Mansur a taksi, ni da Baba da Inna. Muka yi salla a Bahra, bakwai muna filin jirgi. Jirgin irin sabon yayin lokacin ne marar farfela. Da ya zabura Inna ta kama salati, ni kuwa na kama gwangwani.

Karachi

Bayan awa huɗu muka sauka. Takardar shiga da yatsa na dangwale ta, lokacin ban san alif ba. Mai binciken kaya ya buɗe gwangwanin, ya toshe hanci, ya ce da gurgun Larabci, "Ruɓaɓɓe ne." Ya nufi kwandon shara da shi.

Baba ya ce a hankali, "Rabu da shi, Ladidi, kada su riƙe mana jawaz, ba fasfo ba tafiya."

"Baba, da me za mu shiga wa Gwaggo? Da gaisuwa?"

Na fizgi curi ɗaya, na tauna a gabansa, na haɗiye. Na ce, "Ya sheh, jira ka ga ko zan mutu." Abokan aikinsa suka fashe da dariya. Ya rufe gwangwanin da hannu ɗaya, ya zana masa alli, alamar ya wuce. Muka kwana a masaukin kamfanin jirgi, shinkafa da waken adas, barkono kamar gaba.

Singafo

Washegari da la'asar muka isa. Gwaggo ta rame, da ƙyar ta gane Baba. Ban zauna ba na shiga madafa. Tukunya na tafasa na ji muryarta daga ɗaki: "Wace ce ke kaɗa miya a gidana?"

Ta ci loma tara, Inna na ƙirgawa. Sannan ta dube ni ta ce, "Gishiri bai ji ba."

Kwana ashirin muka yi. Ranar komowa da ƙafarta ta rako mu bakin mota. Muka iso Mansur ana kiran magariba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu, ya dawo da mu.