Kawu da Kwarkwatar Lemo

Jiya a Gusau na tsinki wani ganyen lemo da ya nannaɗe, ɗan ƙwaro ya yi tsalle daga ƙarƙashinsa. Sai na tuna marigayi Kawu, yayan mahaifiyata, da lambunsa na bakin gulbi a Bungudu.

Kwarkwatar lemo yake kiran ƙwaron nan, yana yatsina fuska. Wata safiya na tarar da shi yana duba toho, hannunsa duk ƙanshin lemo. Ya kamo guda ya nuna mini a farce. Bai kai ƙwayar gero ba, launin ƙasa, fikafikansa kamar ɓawon albasa.

"Dubi wanga ɗan banza," in ji shi. "Daga Tsafe har Mada babu lambun da bai shiga ba. Bai dasa ba, bai yi ban ruwa ba, sai toho ya hito ya zo tsotsa. Ka kai hannu ya tuma. Matsoraci!" Ya tofar da yawu.

Da ciwo ya kwantar da shi, 'ya'yansa ko leƙa lambun ba su yi ba. Itatuwan suka tsumbure, 'ya'yan suka sare su suka yi gawayi.

Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu, Ya sa ka huta.