Baba Madu Mai Gadin Ɗigon Ruwa

Kullum da sassafe Baba Madu yakan taso daga Bolori a kan kekensa, ya riga ɗalibai isa ɗakin gwaji na jami'a, inda yake aiki. Sai ya tafasa ruwa don iskar cikinsa ta fita, ya dama wata roba mai laushi, garau kamar gilashi, ya ɗiga mata ruwan a tsakiya, ya bar ta ta kama jikinta. To, a zafin Maiduguri ɗigon nan sai ya riƙa tsotsewa, yana jan robar ciki, ita kuma tana turjewa, har ruwan ya tsage, kumfa ta ɓullo a cikinsa. Ba ta sallama, ƙiftawar ido ce. Dole mutum ya zauna, ido a madubin ƙara girman abu, yatsa a maɓallin kyamara, don ɗaukar hoton kumfar.

Bara kumfar nan ta yi ta kuɓuce wa Munira, ɗalibar ajin ƙarshe. Ɗigo ɗaya ya rage mata, lokacin miƙa aiki ya zo, in babu hoton sai ta maimaita shekara. Ranar kuma tana da jarrabawa. Baba Madu ya ce, "Tafi, 'yata, ni zan zauna."

Yana zaune sai ga surukinsa Alhaji Hamisu daga Kasuwar Kwastam, ya kawo goron ɗaurin aure. Kun dai san gaisuwar garin nan, ba a yin ta a tsaitsaye. Alhaji ya miƙa hannu. Madu ya amsa sallama, amma bai ɗago ba.

"Madu, hannuna fa yana jira."

"Riƙe mini shi tukuna, Alhaji."

"A kan ɗigon ruwa? Ko rijiyar burtsatse kake gadi ai ka dube ni."

"Shekarar yarinyar mutane ce a ciki."

Alhaji ya dire goron ya fita. Ko bakin titi bai kai ba kumfar ta ɓullo, Madu ya danna. Munira ta gama karatunta. Shi kuwa sai da ya yi ta sintiri zuwa shagon Alhaji da ban haƙuri kafin a huce.

Bana Baba Madu zai ajiye aiki. Baba Madu, kai ne ka yarda a kira ka marar kunya a gidan surukai don 'yar da ba kai ka haifa ba. Sunanka ba ya kan takardar shaidar kowa, amma iyayen yaran nan sun san shi. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Masu tasowa, in ɗalibi ya bar muku amana, ku zauna mata yadda Madu ya zauna, ko wa zai yi fushi.