Ciwon Kan Malam

Maigidana mai naɗin kwayil ne. In injin niƙa ya ƙone, ko fanka, ko injin ban-ruwa, shi ake kawo wa, ya warware tsohuwar wayar ya naɗa sabuwa. Da aka ba mu jiha, Dutse ta cika da ma'aikata, kowa da fankarsa, wuta kuma ta zo a guje ta ɗauke a guje, sai aiki ya yi masa yawa. Har daga Miga da Taura ake ɗauro masa injuna. Ni ina koyarwa a firamare, shi ya sa yake ce mini Malama, ni kuma in ce masa Malam, ko da yake karatunsa duk a kan waya ya ƙare.

Shagonsa yana jikin katangar wata ƙatuwar taransifoma mai gurnani yini guda. Ciki kuwa maganaɗisu ko'ina. Agogon hannu uku ya kashe, kowanne ya ɗora wa mai sayarwa laifi. In allurata ta faɗi a tsakar gida, da abin kwance kusarsa nake nemo ta, sai ta yi tsalle ta manne, mu yi ta dariya kamar yara. In ya gama naɗi sai ya tsoma kwayil a banish, wato man sa ƙyalli, ya gasa a kan gawayi, ƙofa da taga a rufe ruf, wai kada iska ta kwaso datti ta ɓata masa ƙyalli. Da fetur yake wanke hannu, ya jawo kwanon abinci. Na yi faɗa har na gaji.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ciwon kai ya kama shi. Kullum da la'asar zai shigo yana dafe da goshi, ido jawur. Mutumin da ke cika gida da surutu ya koma shiru. Sai kuma na fara jin wani baƙon wari a hularsa, ga maiƙo a matashin kai.

Na ce, "Malam, me kake shafawa?"

Ya fito da wata 'yar kwalba daga aljihu yana murmushi. Man taransifoma ne! Abokansa masu gyaran wuta suka ba shi. Su a wurinsu maganin komai ne: ƙaiƙayi, ciwon gwiwa, amosanin ka. Wai man da ke sanyaya wutar gari guda, kan mutum ɗaya zai gagare shi?

Na ce, "Innalillahi! Kai injin ne?"

Na fizge kwalbar na nufi gidan maƙwabciyarmu, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato da muke kira Sista. Ta shinshina, ta yamutsa fuska, ta biyo ni har gida. Ta gaishe shi, ta zauna, ta ce, "Baban yara, wannan man guba ne, ba a shafa shi. Kuma ba zan ɓoye maka ba, likitoci suna ta bincike ko masu aiki kusa da wuta mai ƙarfi, suna kuma shaƙar irin waɗannan sinadarai, sun fi samun ƙari a ƙwaƙwalwa. Ba a tabbatar ba. Amma ciwon kai na wata uku ba abin zama ba ne. Ka je Kano a ɗauki hoton kanka."

Ƙari a ƙwaƙwalwa. Na dube shi, na dubi 'ya'yanmu mata huɗu suna tsince shinkafa a tire, na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Shi kuwa cewa ya yi aiki ya yi masa yawa, sai bayan kaka. Na ce to ni ma girki ya yi mini yawa, sai bayan kaka. Kwana biyu yana cin rogo da ƙuli a bakin shago. Rana ta uku ya ce in fito masa da babbar rigarsa.

A asibitin Kano aka kwantar da shi aka tura kansa cikin wata na'ura mai kama da bakin randa. Ina waje ina jan carbi, ban san ma me nake karantawa ba. Da likita ya kira mu, ya ɗaga hoton ya daɗe yana dubawa, ni kuwa kamar in fizge in duba da kaina. Can ya ce babu ƙari, babu komai. Hayaƙin gawayi da banish da fetur ne suke sa masa ciwon, a buɗe shago, a bar man nan, a wanke hannu da sabulu.

Na fashe da kuka a gaban mutane, ni da nake tsawata wa aji guda. Malam ya ce, "Haba Malama, lafiya aka ce fa." Amma shi ma hularsa a karkace ya sa ta. A mota ya sayi rake, ya sayi gurasa, ya raba wa fasinjoji, ya ba direba labarin kansa tun daga Wudil. Kunya ta ishe ni, daɗi kuma ya fi kunyar.

Da muka sauka a tashar Dutse sai ya tsaya wurin wani dattijo mai sayar da dashe, ya zaɓi 'yan ƙananan dabino biyu, ko gwiwa ba su kai ba.

Na ce, "Malam, wannan ai sai ya shekara da shekaru kafin ya yi 'ya'ya."

Ya rungume su a ƙirji, ƙasa tana zuba a babbar rigar, ya ce, "To ina za ni? Ina nan ai."

Kafin magariba ya haƙa ramuka biyu a bayan ɗaki. Ni na riƙe masa butar ruwa.