Ba Mai Hawan Jakinsa

Maigidana mutumin ruwa ne. A tsibiri aka haife shi, a cikin jirgi ya girma. Da aka datse kogi ruwa ya ci garinsu, sai aka kwashe su aka zuba a tudu, wasu nan gefen Yauri, wasu Ngaski, wasu har Shanga. Ya sayar da jirginsa ya sayi jaki. Ban taɓa ganin hawayensa ba, amma ranar da ya shigo da jakin nan bai taɓa tuwo ba.

Da jaki yake kai albasa kasuwa, tasa da ta mutane. Lokacin da aka yanke mu daga Sakkwato aka ce mun zama 'yan Kebbi, furfura ta riga ta gama da gemunsa. A wannan zamanin ne tseren jakai ya kafu, kuma a gaban idona ya lalace.

Akwai wani fako a bakin tabki. Da sanyi ruwa ke rufe shi, in bazara ta kama ruwan ya ja baya ya bar shi a shimfiɗe, dogo, mai tauri. Masu noman albasa ba su damu da shi ba, don ya yi wa mai ban-ruwa da ƙwarya nisa. Ta nan masu jakai ke bi in an tashi kasuwa. Ni kuwa ina suyar kifi a kan wani ɗan tudu a ƙarshen fakon, duk wanda ya wuce ina ganinsa.

Maigidana yana da aboki, wani Bakambare mai zuwa coci, mai bakin tsiya. Wata ranar kasuwa suka tsaya gaban kaskona suna gardamar jakin wa ya fi gudu. Bakambaren ya ce, "Jakinka ba komi ba ne, kai dai ka iya zama, jirgi ya koya ma."

Maigida ya ce, "To hau shi, in hau naka."

Suka yi musanya, suka saki. Tsofaffi biyu, riguna na tashi, mangala na dukan cikin jakai. Mutane suka yi ta dariya har da mai zama ƙasa. Kasuwa ta gaba wasu suka ce su ma. Kafin ruwa ya dawo a shekarar, an sami doka, kuma ɗaya ce: ba mai hawan jakinsa.

Ga yadda ake yi. Kowa ya kwance dabaibayin jakinsa ya jefa igiyar a ƙwaryata, in rufe da faifai, in girgiza. Kowa ya sa hannu ya zaro. Igiyar da ka zaro, jakin mai ita za ka hau. In taka ce ka mayar. Wanda bai sa igiya ba, ba ya sa hannu. In jaki ya zo na farko, mahayi ya ci babban kifi a kaskona, mai jaki kuma a yi ta kiran sunansa har wata kasuwar. Ni suka ba ƙwaryar don ba ni da jaki, kuma sun san ba na jin kunyar kowa.

Sai ka ji wani saurayi ya ce, "Inna, girgiza da kyau, kada ki haɗa ni da jakar wanga tsoho, ta girmi kakata."

In ce, "Kakarka ta fi ka sauri. Sa hannu ka ba mutane wuri."

Akwai wani Bafillace da ke zuwa da jakin da ke ɗaukar musu kayan ruga. Duk ranar da ya sa hannu sai Bakambaren ya ce, "Yau ma za a hau abin da ba a tatsa."

Shi kuma ya ce, "Kai dai kama kunne da kyau, kada giyar jiya ta kayar da kai."

Aikina na biyu shi ne ido. Mutum yana kan jakin wani, nasa na gudu a gefe, zuciya takan ce masa ya rage. Jaki a ƙugu ake zama masa. Mai son cuta sai ya zame gaba a hankali ya danne kafaɗa, jakin ya rage gudu, shi kuwa yana ta ɗaga sanda yana ihu kamar da gaske. Daga tuduna nake hango shi. In sun iso in ce, "Kai mai jar hula, na gan ka." Ba a musu da ni. Hukuncinsa ya shayar da jakin da ya cuta har wata kasuwar, da ruwan da ya ɗauko a kansa.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, ni na lura. Tunda ba ka san jakin da zai faɗo hannunka ba, dole ka san na kowa, kuma dole ka so lafiyar na kowa. Sai aka shiga zagayen gidaje. Na ga ƙanen liman durƙushe a gidan da ake dafa burkutu, yana cire wa jaki ƙaya a kofato. Na ga masu bin addinin kakanni sun kawo mana dusa da kanwa. In jakin mutum ya mutu, ba a barin albasarsa ta ruɓe a gona, wani ne zai kai masa. Mai raggon jaki yana iya cin kifi in ya zaro igiya mai kyau, wanda bai iya hawa ba kuma jakinsa na iya sa a kira sunansa. Ba mai zuwa fakon nan da ba shi da rabo.

Sannan dangin maigida suka fara zuwa. Daga Ngaski, daga Shanga, mutanen da rabonsa da su tun ranar kwashe kaya. Sai su tsaya a fakon suna magana da harshensu na tsibiri, suna nuna ruwa da baki, wai can ƙarƙashi garin yake. A ranakun nan maigida yakan ci tuwo har ya nemi ƙari. Shi wannan fakon ne garinsa da ya rage, kuma ya san haka.

Sai injin ban-ruwa ya shigo. Da inji, nisan ruwa ba komai ba ne, fakon da kowa ya raina ya zama gona a idon mutane. Mai gari ya kira maigida ya ce masa, muddin wurin na cika ranar kasuwa ba zai raba shi ba, amma ranar da ya ga an rage, masu inji na jira. Mu kuwa mun riga mun fara raguwa. Akori-kura ta karɓe dakon albasa. Samari sun koma kabu-kabu. Ga wasu baƙi da ke bin ƙauyuka suna sayen jakai, suna lodawa a mota zuwa kudu. Ƙwaryata da ke cika har faifai ya ɗaga, ta koma ina jin igiyoyi na yawo a ciki.

Ana haka wani dillalin albasa daga Yelwa ya ji labarinmu. Ya zo da wani farin jaki da aka kawo masa daga arewa, dogo, fata na sheƙi. Ya zo da makaɗa, da yaransa, da 'yan kallo cike da mota. Ban taɓa ganin fakon ya cika haka ba. Mai gari da kansa ya fito aka shimfiɗa masa tabarma.

Na miƙa masa ƙwarya. Ya dube ta, ya dube ni.

"Mi zan yi da wagga?"

"Ka sa igiyarka, Alhaji."

Aka yi masa bayani. Ya yi dariya ya ce, "Jakin da ke cin gero in ba wani ƙato shi karya min? In ba ni za ni hau ba, mu koma inda muka hito."

Na ga maigida ya dubi taron, ya dubi mai gari a kan tabarma. Na san abin da yake aunawa. Ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Ki bar shi. Yau kaɗai."

Na ce, "Malam, ba a yi."

"Baƙo ne. In ya tafi da mutanen nan, me zan nuna wa mai gari? Yau kaɗai."

Na rufe ƙwarya na girgiza wa sauran. Dillali ya hau farin jakinsa ya bar su a baya kamar an ɗaure su. Aka yi kiɗa, aka yi guɗa. Na ba shi kifin, don doka ta ce a ba na farko.

A hanyar gida maigida na ta murna. Ya ce, "Kin ga mutane?"

Na ce, "Na ga 'yan kallo."

Kasuwa ta gaba dillali ya dawo, ya sake hawa nasa. Sai wani mai jaki mai ƙarfi ya ce shi ma ba ya sa igiya, ai ba a haifi Alhaji da ƙaho ba. Me maigida zai ce masa? Kafin bazarar ta ƙare, masu jakan kirki duk sun janye igiyoyinsu. Waɗanda suka rage a ƙwaryata su ne guragu da tsofaffi, suna musanyar raggo da raggo, suna isowa bayan an gama guɗa.

Da kowa ya koma kan nasa, bulala ta shigo. Da can ba ka iya zane jakin maƙwabcinka yana kallo. Yanzu sai jaki ya iso gabana da jini a cinya. Caca ta shigo. Aka fara ɓoye jakai a bayan ɗaki. Wata rana Bakambaren ya ɗauki dusa ya tafi gidan ƙanen liman kamar yadda ya saba, aka tare shi a zaure, wai jakin na barci. Daga baya ya ji ana cewa ana tsoron kada ya sa masa wani abu. Ya zo ya zauna a gindin kaskona ya ce, "Inna, ni da na yi jinyar jakin nan da damina." Daga ranar, in an zo fako, masu salla na gefe guda, masu coci na gefe guda, Bafillacen kuwa ya daina zuwa.

Dillali bai daɗe ba. Ya gaji da cin tseren da ba a ja da shi, ya sayar da farin jakin, aka ce ya sayi babur. Makaɗa da 'yan kallo suka bi shi. Da ruwa ya sake janyewa, muka je fako muka tarar da kanmu kamar masu jiran gawa.

Maigida ya ɗauki sanda ya bi ƙauyuka da ƙafa, yana roƙo a dawo, a koma doka ta farko. Wani ya ce ya sayar da jakinsa. Wani ya ce ba zai sake ba wanda ya hana shi wuce zaure jakinsa ba. Danginsa na Shanga suka ce hanya ta yi nisa, alhali ba ta ƙaru ba. Ya dawo ƙafafu a kumbure. Na dafa ruwa na gasa masa. Ban ce masa na faɗa ba, shi ma bai tambaya ba.

Mai gari ya yi haƙuri da mu shekara guda, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Daga nan aka kafa turaku a fakon, aka ja kunyoyi, aka bar mana wani siririn zirin gefe don kunyar furfura. A nan igiyoyi suka koma biyu, ta maigida da ta abokinsa. Duk da haka sai na rufe, na girgiza, su sa hannu, su hau, inji na ƙara a kunnensu. Matan da ke dashen albasa ko kai ba sa ɗagawa.

Sai Bakambaren ya kwanta ciwo, 'ya'yansa suka sayar da jakinsa ga masu mota. Da ya sami sauƙi ya zo fako a ƙafa, yana dogara sanda, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Maigida ya kwance dabaibayi ya jefa a ƙwarya. Na rufe, na girgiza. Ya sa hannu ya zaro tasa, ya mayar. Ya tura wa abokinsa ƙwaryar.

"Sa hannu."

"Ban sa igiya ba."

"Kai, hau mana, in bi ka da ƙafa. Yau kaɗai."

Bakambaren ya dube shi, ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Ya ce, "Aboki, yau kaɗai ɗin nan taka, mun gan ta."

Suka zauna a tuduna har rana ta yi sanyi. Na raba musu babban kifin, tunda babu na farko. Da za mu tashi maigida bai hau ba. Ya ja jakinsa da hannu muka bi gefen kunyoyi har gida. Da ruwa ya sake janyewa, zirin ma an dasa shi.

Dukansu biyu sun rasu. Ƙwaryar ta fashe tuni, faifan kuwa ina rufe tukunyar ruwa da shi. Wani lokaci in na ce wa samarin garin nan an taɓa tseren jakai a inda albasar nan take, sai su tambaye ni jakin wa ya fi gudu.