Kanikan da Ya Ɗaura wa Ƙafarsa Katako

Kafin a buɗe ƙofar masana'antar ɗinkin buhu, Baba Kanika ya riga ya zagaye injuna da gwangwanin mai a hannu, yana kasa wa kowanne kunne kamar mai gaida marar lafiya. Shekara talatin da biyu ke nan yana haka, ƙarshen watan nan kuma zai ajiye aiki. A takarda, aikinsa gyaran inji ne kawai. Sauran babu wanda ya sa shi.

A tambayi Uwar Biyu, mai ɗinki a layi na uku. Dilar buhuna ta faɗo mata a ƙafar dama, ta yi wata bakwai a gida. Ta dawo gwiwa ba ta lanƙwasuwa, zama gaban inji ya gagara. Manaja, wai don tausayi, ya ce a sa mata kujera a bakin ƙofa ta riƙa duba masu shiga.

"Ranka ya daɗe, ƙafa ce ta karye, ba hannu ba," in ji ta. "Ni tela ce. Kar a mayar da ni abin kallo."

Aka ba ta mako guda. In ta kasa, a ba wata injinta.

Baba ya jawo benci kusa da ita ya ce, "'Yata, faɗa mini inda ke ciwo da inda ke da sauran ƙarfi." Tun da ta ji rauni, shi ne farkon wanda ya tambaye ta. Washegari sai ga dattijo ya ɗaura wa ƙafarsa katako tamau, ya zauna kan kujerarta yana ɗinki. Layi ya kaure da dariya.

"Baba, kai ma dilar ta same ka?"

"Ku yi ta dariya. In ban zauna yadda take zama ba, me zan gyara?"

Ya mayar da feda hagu, ya ɗaga tebur, ya ƙera mata wurin miƙe ƙafa. Sau biyu tana cewa, "Bai yi ba, Baba." Ko a jikinsa, ya kwance ya sake. Rana ta shida injinta ya yi ta ruri har aka tashi. Manaja ya zo ya tsaya, ya juya ya tafi, ita kuwa ta fashe da kuka.

Baba, kai ne ka gane cewa mai rauni ya fi kowa sanin jikinsa, kuma sana'arsa yake so a mayar masa. Gwani mai sukurudireba, mun gode. Allah ya ba ka hutu cikin lafiya.

Katakon yana nan rataye a bayan ƙofar ɗakin gyara. Duk mai shirin yanke wa wani mai rauni hukunci, manaja ne ko kanika, ya fara ɗaura shi a ƙafarsa tukuna.