Kason Baba Sule

Sokode

Ana sallame sallar asuba babana ya tasa ni gaba zuwa tasha. Aike ɗaya ya ba ni: in je Dapaong in dawo da wansa, Baba Sule, tsohon mahaucin da idonsa ya fara mutuwa, ga shi ba mata ba ɗa. An sha aika maza yana korarsu. Babana ya ce tunda ni ce mai karatun kula da tsofaffi a jami'a, sai in je in nuna amfanin bokon.

Gaskiya ba haka karatun yake ba. Muna kwatanta ra'ayoyin masana ne kan yadda gwamnatoci suka fara ɗaukar nauyin tsofaffi da marasa lafiya. Wasu sun ce masana'antu ne suka raba mutane da danginsu har dole ta sa, wasu sun ce ƙungiyoyin ma'aikata ne suka ƙwata da ƙarfin tsiya. Na sha yi wa babana bayani, kullum sai ya ce, to, ai kula da tsofaffin ke nan.

Hanya

A tsaunin Aledjo motarmu ta yi ta nishi kamar tsohuwa ɗauke da tulu. A Bafilo na sayi cukun wagashi, don Baba Sule ba shi da sauran haƙoran kirki. Bayan Kara jandarmomi suka duba takardunmu, sai direbanmu Isifu ya hango littafi a cinyata ya tambayi abin da ke ciki. Na ce masa littafin ya ce abu uku ke riƙe tsoho: gwamnati, ko abin da ya tara, ko danginsa. Ya yi dariya ya ce shi kam bai ga nasa a cikin ukun ba. A Mango muka ci shinkafa da miyar zabo, la'asar sakaliya muka shiga Dapaong, zemijan, wato ɗan acaɓa, ya kai ni zango. A gidan sarkin pawa, Alhaji Garba, aka sauke ni.

Dapaong

Da safe na iske Baba Sule a mahauta, zaune kan benci yana haɗa yajin tsire, hanci ne ma'auninsa. Ya rame, sai da zuciyata ta karye. Gabansa akwai wata tasa, duk mahaucin da ya gama fiɗa sai ya jefa tsoka a ciki ya wuce, ba magana.

Tausayi ne ya kwance mini baki. Na durƙusa na ce, da ƙarfi kuwa don ya ji, na zo in kai shi gida tunda nan ba shi da kowa.

Wuƙaƙe suka tsaya. Alhaji Garba ya dube ni ya ce, “'Yata, wanda ba shi da kowa ne yake da wannan tasar?”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga baya Baba Sule ya ja ni gefe yana dariya, ya ce 'yar boko ba ta iya sallama ba. A al'adarsu, duk wanda ya koya wa wasu riƙon wuƙa yana da kaso a yankansu har ya mutu. Ba sadaka ba ce, guminsa ne. “Nan haƙƙina nake ci, Rahina,” in ji shi. “Can kuwa arzikin ƙanena zan ci.” Ashe abin da ya hana shi zuwa ke nan. Yana son gida, har sunayen jikokin babana ya yi ta tambaya ɗaya bayan ɗaya.

Bayan azahar na sayi goro, na je gaban mahautan na ba da haƙuri. Wannan karon ban ce zan ɗauke shi ba, cewa na yi mu ma muna da haƙƙi a kansa, su ba mu aronsa. Suka daɗe suna shawara. Sai Alhaji Garba ya ce kaso ba na benci ba ne, na mai shi ne, duk inda ya tafi zai bi shi.

Dawowa

Washegari Isifu ya ba Baba Sule gidan gaba. Mahautan suka rako mu har tasha, babu wanda ya iya dogon ban kwana. Kafin magariba muna Sokode, babana ya rungume wansa suna kuka su biyun.

Ranar Juma'a Isifu ya yi sallama a ƙofarmu da ƙunshin kilishi daga Dapaong, kason Baba Sule da mahautan suka aiko. Baba Sule ya shinshina ya ce yajin ya yi musu yawa, sannan ya miƙa wa babana ya ce a raba wa yaran gida. Tun zuwansa ɗan taɓa abinci kawai yake yi. Ranar ce ya fara cin tuwon gidanmu har da neman ƙari.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da mu, na gode wa Isifu, da mahautan Dapaong da suka yafe mini bakina.