Safiyo da Yaƙin Mashigi

Shekara talatin da huɗu ya yi yana yi wa gwamnati awon ƙasa, shi ya sa har ya tsufa ba wanda ke kiransa da wani suna sai Safiyo. Dogo ne siriri, yana tafiya kamar mai ƙirga sawunsa, kuma da gaske ƙirgawar yake yi. A wurin aiki abu ɗaya aka san shi da shi: in ya kafa turken iyaka, ya kafu. Manya sun sha jan sa gefe su roƙe shi ya ɗan gusa da shi ko da taku uku ne. Sai ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce hannunsa ba ya iyawa. Waɗanda suka shigo aiki bayansa duk sun wuce shi a muƙami, shi kuwa bai taɓa kai wa kowa kuka ba.

A bayan gidansa akwai wani ɗaki mai taga ɗaya. Babu komai a ciki sai faffaɗan tebur, a kan teburin kuma ya gina ƙasa da yumɓu da garin katako: ga tudu, ga fadama, ga kogi da shuɗin fenti, ga mashigin da ake ketarewa da ƙafa in ruwa ya ja baya. A wannan mashigi aka yi yaƙi a farkon ƙarni na sha tara. Mutanen ƙetare suka zo da igwa shida da shanu ke ja, suka haye, suka ci garin. Mutanen gari, kakannin Safiyo, suna jiran taimako daga tudu, amma dokin ɗan aikensu ya gurɗe a hanya, saƙon bai isa ba sai da rana ta karkata. Haka dattawan gari suke ba da labarin, kuma Safiyo ya bi su gida gida ya ji daga bakinsu tun yana saurayi.

Tambayarsa guda ce: da a ce ɗan aiken ya isa da hantsi fa?

Wani da baki zai yi wannan tambaya, ya tashi ya kaɗe rigarsa. Safiyo da tef ɗin awo ya yi ta. Ya auna faɗin kogin rani da damina, ya auna awa nawa mai ƙafa ke yi daga tudu zuwa bakin ruwa ɗauke da kaya, har masu shanu ya tambaya yadda sa yake tafiya cikin laka. Abin da ya samu shi ne, da saƙon ya isa da wuri, da rundunar tudu ta iske igwa shidan nan a tsakiyar ruwa. Daga nan ya ci gaba da bin labarin shekara bayan shekara, littafi bayan littafi, har goma sha ɗaya. A duniyar da ya rubuta, kasuwa a wancan gefen tudu take, ba a gina gada ba sai can daga baya, titin da gidansa yake kuwa gonar wani ce. Bai yi wa nasa kara ba. Lissafinsa ya nuna masa cewa shekara goma sha biyu bayan nasara, mutanen gari da na tudu da kansu za su juya wa juna baki a kan ruwan fadama. Ranar da ya gano haka bai ci abincin rana ba, amma ya rubuta.

Sojojin teburin maɓallai ne, farare na gari, baƙaƙe na ƙetare, kuma duk daga gwangwanin matarsa ya kwaso su. Ita tela ce, ana ce mata Maman Biyu saboda tagwayen da ta fara haifa. Shekara arba'in da shida suna tare. Keken ɗinkinta yana bakin tagar falo, daga nan takan hango shi ya sunkuya a kan tebur, ta ce wa mai kawo ɗinki, in kin ga rigarki ta rasa maɓalli ɗaya ki yi haƙuri, ya tafi yaƙi. Ita jinin mutanen ƙetare ce. Wannan ba wani abu ba ne a yanzu, rabin unguwar haka suke, an yi auratayya har an manta wane ne wane. Ƙaninta, wani tsohon direba mai surutu, shi kaɗai ke tuna wa Safiyo. In ya shigo sai ya leƙa ɗakin ya sara masa, ya ce, “Janar, yau ma kun ci mu? To Allah ya ƙara nasara. Mu dai mun riga mun shigo, har yayarmu muka ba ka.”

Autarsu tana aiki a wata maɗaba'a. Ita ta ce bai kamata aikin shekara arba'in ya ƙare a bakin gara ba, za ta buga shi ya zama littafi ɗaya, a raba wa jikoki. Safiyo ya ce shirme ne, amma washegari ya sayo sabuwar ambulan ya zuba littattafan a ciki. Ranar Asabar takan zo da abin da ta buga, ta zauna a falo tana karantawa da ƙarfi don ya kama mata kurakurai, uwarta na taka keke tana ji da rabin kunne.

Wata Asabar da hantsi suka zo kan babin yaƙin kansa. Auta ta karanta yadda rundunar tudu ta sauko, yadda shanu suka firgita a cikin ruwa, yadda igwa ta farko ta kife ta ja ta biyu. Safiyo ya rufe ido yana gyaɗa kai, don babin nan shi ya fi so. Ta karanta cewa masu kora shanun, su goma sha takwas, an ɗaure su da igiyar jan kaya a ƙugu don kada ruwa ya ɗauke su, igiyar nan kuwa ita ta nutsar da su, ko ɗaya bai fita ba.

Keken ya tsaya. Ba wanda ya lura sai da shirun ya yi yawa. Maman Biyu ta cire zare daga baki, ta tambaya a hankali ko an ce masu kora shanu. Auta ta ce e. Uwar ta ce to, ta ninke ɗinkin da ba ta gama ba, ta shiga ɗaki.

Da safe Safiyo ya shiga ɗakin baya ya tarar da fararen maɓallai su kaɗai a bakin kogi, babu baƙi ko ɗaya a gabansu. Ya fito ya same ta tana shara. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, “Kakan kakata mai kora shanu ne a ranar. Tunda ka nutsar da su, na ga ba ka da sauran aiki da su.”

Ba ta yi faɗa ba, da ma ba halinta ba ne. Abinci na zuwa a kan lokaci, rigunansa a goge. Abin da ya ɓace ƙarami ne: ta juya keken ya kalli bango, kuma ta daina yi wa masu kawo ɗinki zancen maɓallin da ya tafi yaƙi. Safiyo, wanda ke iya gane taku ɗaya in ya ɓace a cikin dubu, ya gane wannan ma.

Ya koma kan tebur da nufin ya ceto mutum ɗaya daga cikin sha takwas. Ya sa ƙwayar wake a madadin baƙin maɓalli, ya gwada mayar da shi baya, amma mai kora shanu a gaban shanu yake tafiya. Ya gwada rage ruwan, amma shi da kansa ya auna ruwan. Kwana huɗu yana abu ɗaya. Auta ta bugo waya ta ce, Baba, layi ɗaya ne fa, a rubuta cewa igiyar ɗaya ta tsinke, wa zai sani? Ya ce shi zai sani. Direba da ya ji labari ya zo har gida yana dariya, ya ce yanzu dai Janar ya ci yaƙi ya rasa mata, kuma in aka bi lissafin da kyau, ita Autar da ke buga littafin ma ba a haife ta ba, to wa zai buga? Safiyo bai yi dariya ba. Direba ya dube shi, ya rage murya, ya ce, “Yaya, ba nutsewar ce ta dame ta ba. Ka dai je ka same ta.”

Ya same ta bayan azahar tana farke wata tsohuwar riga. Ya ja kujera ya zauna, ya yi gyaran murya, ya ce ya samo hanya. Akwai yiwuwar a tsamo mutum ɗaya da rai, a kama shi, ya zauna a gari, zuri'arsa ta yaɗu, har a zo kanta.

Ta dube shi ta saman tabarau. “A ɗaure za ka kawo min kakana?”



Ta ce, “Malam, tsofaffi nawa ka je wa a kan yaƙin nan?”

Ya ce sittin da uku.

“A cikinsu nawa ne namu?”

Babu ko ɗaya. Shi da ba ya karɓar iyakar gona sai ya ji daga masu gonakin biyu, ya yi shekara arba'in yana auna kogi daga gaɓa ɗaya. Kakarta ta rayu a gidan nan shekara tara kafin ta rasu, tana zaune a tabarma taku goma sha biyu daga ƙofar ɗakin bayan. Yakan gaishe ta da safe, ya wuce.

Maman Biyu ta ci gaba da farke ɗinkinta, tana magana kamar da rigar take yi. Ta ce abin da kakarta ta faɗa musu tun suna yara shi ne, igwa ba ta taɓa shiga ruwan nan ba. Tun kwana biyu kafin yaƙin ta kafe a laka can baya, shanun suka gaji, mutane suka ji yunwa, aka yanka huɗu aka ci. Waɗanda suka haye kogin da ƙafa suka haye, suna jiran a kashe su. Ƙarar da mutanen gari suka ji suka ce igwa ce, albarushi ne aka cusa a tukwane aka kunna a bakin gaɓa. Kakan kakarta kuwa ko ruwan bai taɓa ba, an bar shi gadin shanun da suka rage, yana kuka don ɗaya daga cikin waɗanda aka yanka shi ya raine shi tun yana maraƙi.

Safiyo ya tambaya ko ta tabbata. Ta ce ba ta nan, kamar yadda tsofaffinsa sittin da uku ba sa nan. Abin da aka faɗa mata ke nan.

Safiyo ya bi lissafin a ransa. In babu igwa a ruwa, babu abin da rundunar tudu za ta iske, ko ɗan aike ya isa da asuba. Littafi na biyu ya dogara da na ɗaya, na uku da na biyu, har zuwa na sha ɗaya. Kuma in labarinta gaskiya ne, kakanninsa tukwane suka guda. Ya ji wannan ya soke shi, ya bar shi ya soke shi. Can ya tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa masa ba. Ta ce tana ta jira ya tambaya, har ta saba da jiran.

Da Auta ta zo ranar Asabar da sauran shafuka, ya ce mata ta dakata da bugun. Ta ce karatun ne ke baya, bugun saura babi biyu kacal. Ya ce ya sani. Ta ce, Baba, shekarunka saba'in da takwas fa. Ya ce wannan ma ya sani, shi ya sa ba zai ɓata safiyar yau ba.

Ya ɗauko sabon littafi da fensir, ya ja ƙaramar kujera zuwa gefen keken, ya zauna gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ya ce wa matarsa ta fara daga farko, daga garin da suka taso, da ranar da suka taso, da sunayen shanun in ta riƙe.

Ta ce ta riƙe biyu. Amma ya bari ta gama wannan kalmasa tukuna, mai rigar na hanya. Ya ɗora littafin a cinya, ya jira.